Bayan Ɗinki

Wata huɗu na yi a kan rigar nan,
a zaurenmu na cikin Ƙofar Doka,
aska takwas, zare bisa zare,
har idona na hagu ya soma ganin allura biyu.
Ran Talata mai ita ya zo ya biya.
Gari na wayewa Balaraba ta ce, "Baba, mu je."

Muka nufi Sabon Gari,
kuɗin a aljihun ciki, hannuna dafe da su
kamar mai ciwon haƙarƙari.

Shagon Ɗanjummai bai kai zaurena ba.
Janareta na tari a bakin ƙofa,
kwamfutoci jere a gilas, baki buɗe.
Idona ya faɗa kan wata siririya,
fara sol, tana walƙiya kamar shaddar da ta sha bugu.
Na ce, "Wannan fa?"
Ya ce, "Kai, Alhaji ya iya zaɓe!"
Ban taɓa taka Makka ba, amma na yi shiru.

Ita ko kallonta ba ta yi ba.
Ta warware takardar da malaminsu na Samaru ya rubuta,
don zanen gini za ta karanta.
"Ram ɗinta nawa?"
"Huɗu."
"A'a. Ka ɗora mata bene hawa uku,
za ta toge kamar jakin da ya hango ruwa."

Na ce, "Ke, mene ne kuma ram?"
Ta ce, "Ka tuna daminar da zaure ya yi yoyo
ka koma ɗinki a ƙuryar Inna,
sai ka naɗe hannun riga ɗaya kafin ka buɗe ɗaya?
To, faɗin tabarmar ke nan.
Sha shida nake so, in baje aikina duka."

Suka shiga wani yare, ni ina gefe.
Ƙwaƙwalwarta wace iri ce, ƙarni na nawa,
rumbunta mai juyi ne ko marar motsi,
akwai katin zane, ko dai babu.
Ɗanjummai ya daina ce mini Alhaji,
ya jawo kujera ya ba ta.

Can ƙasan kanta ya zaƙulo wata baƙa,
ta hannu, mai nauyin dutsen guga,
harafi biyu sun goge, gefe ɗaya da tabo.
Ta zare wayar wuta, ta naɗe hannu tana kallon batir.
"A ɗakin kwananmu wuta baƙuwa ce," in ji ta,
"ba ta sallama in za ta tafi."
Muka zauna har aka kira azahar.

Sannan ta kifa ta.
Ta ce ya kwance bayan, tana son ganin ciki.
Na ce, "Wa ya koya miki wannan?"
Ta ce, "Kai.
Ba kai ke juya riga kafin ka yaba ba?
Ka ce gaba na mai kallo ne,
bayan ɗinki shi ke faɗin wane ne maɗinki."

Na laluba bakina ban sami magana ba.
Na ƙirga kuɗin sau biyu, na miƙa.
Abin da ya saura bai isa jaka ba,
da ƙyar ya kai mu gida.

Daren nan na haɗa ƙyallayen da rigar ta bari,
na yi mata jaka, na sa auduga a tsakani.
Wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba.
Balaraba na gefena tana jan layin wani gida
wanda ba a haƙa harsashinsa ba tukuna.
Na matso da allurata kusa da hasken,
zaren ya shige a karon farko.